Jakar ruwa a hanta: tsutsar da ke bi ta kwata da cikin kare kafin ta iso jikin mutum

Duk mahaucin da ya daɗe yana fawa a Kaduna ya san abin nan da ido. A feɗe tsohuwar tunkiya ko saniya, a fito da kayan ciki, sai ga wani farin ƙullutu a jikin hanta ko huhu, wani kamar goro, wani ya kai lemo, cike tam da ruwa. Ba ya wari, ba mugunya a ciki. Mahauci ya zagaye shi da bakin wuƙa, ya ɗebe, ya wurga gefe don mai saye kada ya gani ya fasa. Kafin ya juyo kare ya yi gaba da shi.

Wannan jifar ita ce ke raya wata tsutsa da masana ke kira Echinococcus granulosus, cutar da take jawowa kuma likitoci na ce mata haidatid. Dangin tsila ce, amma ta sha bamban da tsilar da muka sani, wadda ake ɗauka daga naman sa da bai gasu ba, ta zauna a hanjin mutum ta yi tsawon mitoci. Wannan kuwa babbarta ba ta wuce milimita 3 zuwa 6, kai ɗaya da gaɓoɓi kamar uku, kuma ba ta zama a hanjin ɗan Adam ko kaɗan. Gidanta ƙaramin hanjin kare ne da danginsa irin su dila. Kare ɗaya yana iya ɗauke da dubbanta yana ci yana sha yana haushi, ba rama ba zawo, babu wata alama da mai shi zai lura da ita.

Cikin ruwan jakar da aka wurga akwai ƙananan kawunan tsutsa masu yawan gaske, kowanne da ƙugiyoyinsa. Idan kare ya haɗiye su, suna maƙalewa a bangon hanji, cikin mako 5 zuwa 7 sun balaga sun fara zubo ƙwai a kashinsa. Ƙwan bai kai kaurin gashin kai ba, ido ba ya ganinsa, kuma yana fitowa a shirye, ba ya buƙatar kwanaki a ƙasa kafin ya iya kama wani. Yana manne wa ciyawa, da gashin karen, musamman gindin wutsiya da baki da ƙafafu, ruwan sama ya wanke shi zuwa tafki ko rijiyar da ba ta da murfi, ƙudaje su kwashe shi zuwa abinci. Tunkiya ta ci ciyawar, jaka ta fito a hantarta, a yanka ta bayan shekaru, a sake jefa wa kare. Haka abin yake juyawa, kare ya ba dabba, dabba ta ba kare. Mutum kutse yake yi cikin wannan zagaye, ya tsaya a gurbin tunkiya.

A nan ne mutane da yawa suke juya maganar. Wanda ya ji labarin cutar, abin da ya fara faɗo masa a rai shi ne ya daina cin hanta. Alhali cin hantar da ke da jakar, ko da ɗanya ce, ba ya sa wa mutum wannan cuta, don kawunan da ke ciki hanjin kare suke nema. Abin da ke kama mutum ƙwai ne, ƙwai kuma daga kashin kare yake fitowa. Yaron da ya yi wasa a ƙasar da kare ya yi kashi ya sa hannu a baki, mafaraucin da ya shafa karensa ya ɗauki goro, matar da ta yanka latas ko kabeji daga lambun bakin kogi ba ta wanke da kyau ba, makiyayin da ya sha daga kududdufin da karnukan ruga ke zagayawa, waɗannan su ne a bakin hanya. Mutum kuma ba ya shafa wa mutum. Mai jinya zai ci abinci kwano ɗaya da majiyyaci ba abin da zai same shi.

Wasu za su ce ai mu ba ma ajiye kare a ɗaki, kuma addini ya koyar da wanke ƙwarya sau bakwai idan kare ya sa baki. Gaskiya ne, kuma nesa-nesan nan da yawancin gidajen Hausawa ke yi da kare kariya ce babba. Sai dai hankalinmu ya fi tafiya kan yawun kare, matsalar kuwa a kashinsa take. Karen da ba wanda ya taɓa shafa shi, wanda ke kwana a juji ya yi sammako zuwa kwata, shi ne ke ratsa lambu da dare ya bi ta filin da yara ke ƙwallo da rana. Ba sai kana da kare ba.

Yanayinmu yana taimakonmu ta wani gefe. Ƙwan yana jin jiki da zafi da bushewa, ranar bazara a kan tsandauri tana kashe shi da wuri. Amma a inuwa mai laima, kamar ƙasan lambu da ake ba ruwa kullum, ko ciyawar damina, yana iya yin watanni da ransa. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta da aka saba da su, har da sinadarin kulorin da ake sa wa ruwa da man goge hannu mai barasa, ba sa kashe shi. Firijin gida ma bai isa ba. Abin da ke aiki shi ne tafasawa, da wanke hannu da sabulu da ruwa mai gudu, wanda ke kwashe ƙwan ya tafi da shi.

Abin da ke faruwa a ciki

Idan mutum ya haɗiyi ƙwan, ɓawonsa yana narkewa a hanji, ɗan tayin tsutsar ya huda bango ya faɗa jini. Duk jinin da ya taso daga hanji sai ya bi ta hanta, don haka hanta ce rariya ta farko. Kusan kashi 70 cikin 100 na jakunkunan a nan suke tsayawa, yawanci a ɓangaren dama saboda ya fi girma ya fi samun jini. Wanda ya zille ya tarar da rariya ta biyu, wato huhu, kusan kashi 20 cikin 100. Ragowar kan watsu zuwa saifa, ƙoda, ƙashi, ƙwaƙwalwa, har zuciya.

Inda ya tsaya, nan zai fara gina jaka, kuma sanin gininta shi ne mabuɗin fahimtar maganinta. Bango uku gare ta. Na can ciki siriri ne ƙwarai, shi ne mai rai, shi ke haifar da ruwa da kawunan tsutsa. Na tsakiya fari ne mai santsi, kamar farin dafaffen ƙwai, shi ke kare tsutsar daga garkuwar jiki. Na waje kuwa ba na tsutsar ba ne, naman hantar mutumin ne da ya taurare ya kewaye baƙuwar. Kawunan da suka zube suna kwantawa a ƙasan jaka kamar yashi. Wani lokaci ƙananan jakunkuna su fito a cikin babbar, kowacce da nata ruwan da nata kawunan. Muhimmin abu shi ne kowane kai ɗaya, idan ya fita daga jakar ya faɗa wani wuri a cikin jiki, yana iya zama sabuwar jaka.

Girma a hankali yake. Wata jakar tana ƙara santimita 1 zuwa 5 a shekara, wata ta yi shekaru ba ta motsa ba, wata ta mutu don kanta ta bushe. Shi ya sa wanda ya haɗiyi ƙwai yana ɗan shekara 8 a ruga yana iya fara jin ciwo yana magidanci a Rigasa ko Kawo, ya daɗe da mantawa da shanu da karnuka. Likitan da ya tambaya ko akwai kare a gida yanzu, aka ce babu, ya rufe maganar, ya yi tambayar da ba ta isa ba. Tambayar ita ce a ina aka tashi, an yi kiwo, an yi farauta, an yi fawa ko aikin kwata.

Alamun farko ba su da wata sheda ta musamman: nauyi ko ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, saurin ƙoshi, tashin zuciya, wani lokaci a ji tudu idan an danna. Da yawa ma ba sa jin komai, sai an je sikanin don wani dalili a gani. Tashin hankalin yana zuwa ne idan jakar ta sami kafa. Mafi yawa tana ɓullewa cikin hanyoyin ruwan maɗaciya da ke ratsa hanta, guntayen farin bangon su toshe hanya, ido ya yi shawara, fitsari ya yi duhu, zazzaɓi da rawar sanyi su biyo baya. Ƙwayoyin cuta na iya shiga ta nan su mai da jakar ƙurji. Tana kuma iya fashewa cikin ciki bayan faɗuwa daga babur ko duka, ruwanta ya haddasa borin jini mai tsanani, numfashi ya sarƙe, jini ya faɗi cikin mintuna. Wanda ya tsira daga wannan, bayan watanni ko shekaru yana iya dawowa da jakunkuna barkatai a cikin ciki, don kawunan sun watsu sun tsiro. Ta huhu kuwa idan ta fashe, mutum yakan tari ruwa mai gishiri-gishiri da guntayen farar fata.

Allura kafin sani

A asibitocinmu, kumburin hanta yana da sanannun masu laifi. Akwai ƙurjin hanta da ƙwayar atuni ke jawowa, mai zuwa da zazzaɓi da ciwo. Akwai dajin hanta, wanda cutar hanta nau'in B da gubar fumfuna a gyaɗa da masara ke rura shi. Akwai kuma jakar ruwa ta banza da ake haihuwar mutum da ita, ba ta cutarwa. Haidatid tana shigowa tsakaninsu a ɓoye, kuma haɗarinta yana cikin kamanninta da ƙurji. Abin da aka saba yi wa babban ƙurjin hanta shi ne a soka allura a zuƙe mugunya. Wannan sukar, idan aka yi ta a kan jakar haidatid ba shiri, ba magani a jini, ba allurar adiranalin ta ceton mai borin jini a kusa, tana iya jawo daidai abin da fashewa ke jawowa. Haka nan ƙaho da tsaga da sakiya da tausa mai ƙarfi a kan kumburin ciki. Idan aka zuƙo ruwa daga hanta aka ga ya fito garau kamar ruwan rijiya maimakon mugunya, wannan ishara ce a dakata a sake tunani nan take.

Gwajin kashi ba ya nuna komai, tunda mutum ba ya ɗauke da babbar tsutsar. Sau da yawa akan ce wa majiyyaci an duba ba tsutsa a cikinsa, ya tafi da kwanciyar hankalin da ba ta da tushe. Gwajin jini mai neman garkuwar da jiki ya yi wa tsutsar yana taimakawa, amma yana iya fitowa babu alhali akwai: a kusan kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na masu jakar hanta, har zuwa kashi 40 a masu ta huhu. Yakan kuma ci gaba da nuna akwai shekaru bayan an warke, don haka ba a auna warkewa da shi.

Sikanin shi ne ginshiƙi, na'urar nan da ake duba masu juna biyu da ita, wadda ake samu a kusan kowace unguwa a Kaduna. Na'urar tana nan, abin da ake buƙata shi ne idon da ya san abin da yake nema. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa jakar zuwa matakai bisa yadda take fitowa a hoto. CE1 jaka ce guda, zagayayya, bangonta layi biyu ne, idan aka juya majiyyaci yashin ƙasanta ya tashi kamar ƙura. Layi biyun nan shi ke raba ta da jakar banza, mai bango siriri guda. CE2 cike take da 'ya'ya, kamar saƙar zuma. Waɗannan biyun rayayyu ne. CE3a ita ce wadda bangon ciki ya saki yana lilo a ruwa, CE3b kuma ciki ya daskare amma da sauran 'ya'ya a tsakiya. CE4 ta daskare gaba ɗaya kamar ƙullin zare, CE5 bangonta ya yi tauri kamar ƙashi. Na ƙarshen nan biyu sun mutu ko suna kan hanya. Rahoton sikanin da ya ce kawai an ga jakar ruwa a hanta, bai faɗi girma da mataki da wurin da take ba, ya bar likita a duhu. Hoton CT ko MRI yana shigowa ne idan ana shirin tiyata, ko ana zargin jakar ta haɗe da hanyar maɗaciya, ko tana wajen hanta.

Matakin ne ke zaɓar magani, kuma hanyoyi huɗu ne. Jakar CE4 ko CE5 da ba ta damun mai ita, a bar kaza cikin gashinta, a riƙa duba ta da sikanin lokaci-lokaci. Yi mata tiyata ɗaukar haɗari ne a banza, kodayake shawo kan majiyyacin da aka ce masa akwai tsutsa a hantarsa ya yarda a ƙyale ta aiki ne mai zaman kansa.

Ƙaramar jaka, CE1 ko CE3a da ba ta kai santimita 5 ba, ana iya gwada ta da ƙwayar albendazol kaɗai. Sunan ba baƙo ba ne, ita ce ƙwayar tsutsar ciki da ake raba wa yara, kuma nan kuskure yake shigowa. Ƙwaya ɗaya mai miligiram 400 da ke korar tsutsar hanji ba ta yi wa jakar hanta komai. Adadin shi ne miligiram 10 zuwa 15 a kan kowane kilo na nauyin mutum a rana, a raba biyu, kada ya wuce 800, wato babban mutum mai kilo 60 zai sha 400 da safe 400 da dare, kullum ba fashi, wata 3 zuwa 6. A da ana shan kwana 28 a huta 14, yanzu an bar wannan tsarin. Dole a sha da abinci mai maiƙo, miyar man ja, ƙwai, madara, ƙuli-ƙuli, don ba maiƙo kaɗan ne ke shiga jini. Wanda ke haɗiyarta da ruwa a kan cikin wofi yana zubar da kuɗinsa ne. Kuma ba maganin da za a saya a kemis a yi ta sha ba ne: tana iya taɓa hantar kanta, ta rage fararen ƙwayoyin jini, ta zubar da gashi, don haka ana awon jini duk mako 2 a farko, daga baya duk wata. Tana cutar da ɗan tayi, musamman a wata ukun farko, saboda haka sai an yi gwajin ciki kafin mace ta fara, ta kuma guji ɗaukar ciki har ta gama. A wurin da masu ɗauke da cutar hanta nau'in B suke da yawa irin namu, duba wannan kafin a fara abu ne da bai kamata a tsallake ba.

Jakar CE1 ko CE3a da ta wuce santimita 5 ita ce ta dace da hanyar allura, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da PAIR. Suka ce, amma da shiri. Ana fara albendazol tun kafin ranar. Ana sa wa majiyyaci layin ƙarin ruwa, adiranalin da iskar numfashi a ajiye a gefe. Ana bin hoton sikanin a shigar da allura ta cikin naman hanta mai lafiya kafin ta kai jakar, don naman ya toshe ramin idan an zare. A zuƙo ruwa, a duba shi. Idan ya yi rawaya ko gwaji ya nuna maɗaciya a ciki, aikin ya tsaya nan, domin jakar ta haɗe da hanyoyin maɗaciya, kuma sinadarin da za a zuba zai bi ta nan ya ƙone su, su tsuke har abada, ciwon da ya fi na farko muni. Idan ruwan garau ne, a zuba ruwan gishiri mai ƙarfin kashi 20 cikin 100 ko barasar asibiti mai kashi 95, kimanin sulusin abin da aka zuƙo, a bar shi minti 15 zuwa 20 ya kashe kawunan, a sake zuƙe shi. Albendazol ta ci gaba har wata guda bayan haka. Ba a yin wannan a jakar huhu. Ba ya kuma aiki sosai a CE2 da CE3b, don allura ɗaya ba za ta shiga kowace 'yar jaka ba, waɗanda aka bari su sake cika wurin.

Waɗannan, da duk jakar da ta fashe, ko ta ruɓe, ko ta buɗe cikin hanyar maɗaciya, ko ta danne wata gaɓa, tiyata ce maganinsu. Duk ƙoƙarin mai fiɗa a nan shi ne kada ɗigo ɗaya ya zube. Ana kewaye wurin da tsummoki jiƙaƙƙu da ruwan gishiri mai ƙarfi. Inda ya yiwu a ciro jakar ɗungurungum ba tare da buɗe ta ba, wannan ya fi hana dawowa, amma ya fi zubar da jini kuma yana son ƙwararren hannu. Inda bai yiwu ba, a zuƙe, a buɗe, a kwashe farin bango da 'ya'yan, a nemi ƙananan kafofin maɗaciya a ɗinke, a cusa kitsen ciki a ramin. Kafar da aka manta ita ce ke sa maɗaciya ta yi ta ɗiga ta robar da aka bari makonni bayan aiki. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna kimanin kashi 2.2 cikin 100 na rasuwa bayan tiyata, kashi 6.5 kuma cutar na dawo musu. Saboda haka sallama daga asibiti ba ƙarshen zance ba ce, ana komawa sikanin duk wata 3 zuwa 6 a farko, sannan duk shekara, aƙalla shekara 5. Aiki ne na babban asibiti mai likitocin fiɗa da na hoto da na sa barci a wuri ɗaya, irin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ko na Barau Dikko a cikin gari. Ƙaramin asibitin da ya gane ta ya tura, ya yi nasa.

Wanda ya shiga intanet neman bayani zai ci karo da wata 'yar'uwarta da ta fi ta muni, Echinococcus multilocularis. Ita ba jaka guda take yi ba, tana ratsa hanta kamar daji, tana ɓoye shekara 5 zuwa 15, kuma idan ba a yi magani ba tana kashe mafi yawan waɗanda ta kama. Tana yawo tsakanin yanyawar ƙasashen sanyi da ɓerayen daji a tsakiyar Turai, Rasha, yammacin Sin, arewacin Japan da Arewacin Amurka. Ba cutar yankinmu ba ce, sai ga wanda ya zauna can.

Wuya gare ta ko ba a nema?

A duniya, idan aka haɗa haidatid da 'yar'uwar tata, sama da mutum miliyan 1 ne ke ɗauke da su a kowane lokaci, kuma ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015 ya ce su biyun suna kashe kimanin 19,300 a shekara. A yankin Turkana na arewacin Kenya, inda makiyaya ke kwana da karnuka, haidatid ta yi ƙaurin suna. A Najeriya mutanen da aka tabbatar sun kamu ɗaiɗaiku ne. Dabbobi kuwa labarinsu daban. Tun shekarun 1970 da 1980 likitocin dabbobi na Zariya suke rubuta samun jakar a mayankun Arewa, kuma raƙumi ne ya fi kowace dabba, yawanci a huhu. Nau'in tsutsar da aka fi ganowa a dabbobinmu shi ne wanda ake dangantawa da raƙumi, alhali kusan kashi 88 cikin 100 na mutanen da suka kamu a duniya nau'in tumaki ne ya kama su. Wannan, da zafin rana, da nesantar kare, suna iya rage yawanta a cikinmu. Amma jaka a huhun raƙumi ko hantar saniya sheda ce cewa akwai kare mai zubar da ƙwai a inda dabbar ta yi kiwo, kuma akwai mutane a wurin. Makiyayin da ya fi kowa kusa da haɗarin shi ne ya fi kowa nisa da na'urar sikanin, cutar da ba a sa ta a lissafi ba kuma ba a rubuta ta.

Wata jakar da mahauta suka fi gani tana rikita lissafin: mai siririn bango, kana hango ruwanta, tana reto a jikin kitsen ciki ko saman hantar akuya, da ɗigon fari guda a ciki. Wannan ta wata tsila ce daban, ba ta damun mutum. Ta haidatid a nutse take cikin naman hanta ko huhu, bangonta fari mai kauri. Amma duka biyun ta kare suke bi, don haka hukuncinsu ɗaya ne.

Ƙasashen da suka rabu da cutar ba da tiyata suka yi ba. A Aisilan ta taɓa zama ruwan dare, aka fara yaƙarta da ɗan littafin wayar da kai a 1864, aka hana ba karnuka kayan ciki, aka mai da yanka mayanka, har ta ɓace. Niyu Zilan ta kafa doka a 1959, ta ayyana rabuwa da ita a 2002. Shekara 43 ke nan ana abu biyu: a hana kare ɗanyen kayan ciki, a ba shi magani a kai a kai. Akwai kuma rigakafin tumaki mai suna EG95 da ake amfani da shi a Sin da Ajantina.

A kwata, abin da ake buƙata bai fi ƙarfinmu ba: katanga da ƙofa mai rufuwa, durom mai murfi na zuba abin da aka ƙi, da rami mai zurfi ko wurin ƙonawa. Ramin da bai kai mita guda ba kare zai tone shi. Ɗora wa mahauci laifi shi kaɗai zalunci ne, don hanta kuɗi ce, idan likitan dabbobi ya ƙwace ta gaba ɗaya asarar a kansa take, shi ya sa yake ɗebe ƙullutun da sauri kafin a gani. Muddin ba a ba shi inda zai jefa ba, ƙasa zai jefa. Maganar Sarkin Fawa a nan ta fi takardar ofis tasiri. Sauran naman dabbar lafiya lau ne, a ci. Wanda ke son ba karensa huhu ko hanta ya yanka ƙanana ya tafasa minti 30. Masu sana'ar karnuka da masu feɗe su kuwa, hanji da gashi ne wurin haɗari a gare su, sai da safar hannu da wanki da sabulu.

Maganin kare shi ne firazikwantel, miligiram 5 a kan kowane kilo, wato kare mai kilo 20 zai sha miligiram 100, a cusa cikin ɗan abinci. Ƙwayoyin tsutsa da yawa da ake ba karnuka ba sa taɓa wannan tsutsar, sai an duba sunan a jikin kwali. Yana kashe tsutsar amma ba ya kashe ƙwan da ke cikinta, don haka a ɗaure karen kwana 2 zuwa 3, a kwashe kashinsa da shebur a ƙone ko a binne. Ba ya kuma hana sake kamuwa gobe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla sau 4 a shekara, karen farauta ko na ruga ko na kusa da kwata kuwa duk mako 6 ya fi, don a riga tsutsar balaga.

Ranar da ta fi kowace rana yawan yanka ba tare da likitan dabbobi ba ita ce ranar Layya. Raguna da shanu a kowane lungu, mata na gyaran kayan ciki, abin da aka ga bai yi kyau ba a watsa bayan gida ko a kwatami. Tun da safe a tanadi bokiti mai murfi, duk wani ƙullutu ya shiga ciki, da yamma a ƙone ko a binne. Lissafin kwanakin ma yana da sauƙin riƙewa. Tsutsar da kare ya haɗiya ranar 10 ga Zulhajji ba ta fara zubar da ƙwai sai ta haura wata guda, don haka idan aka ba shi firazikwantel kafin ranar cika-ciki, 10 ga Muharram, an kashe ta tun ba ta yi ƙwai ba. Gidajen da suka yi yanka a Kirsimeti kuma su ba nasu kafin 25 ga Janairu.